Haɓon Mijin Zagorka

Wani mutum ne a ƙauyenmu, can kudancin ƙasar Sabiya, haɓo ya sa shi gaba. Kullum sai hancinsa na dama ya ɓalle da jini. Shi kuwa ya riga ya gano mai laifi, wato iskar da ke shiga ta taga ta fita ta ƙofa. A wurinmu ai an fi tsoron wannan iska da yaƙi.

Ya ce wa matarsa, "Ke Zagorka, so kike ki ci gadona tun ina numfashi?"

Ya ɗauko guduma ya bi tagogin gidan kaf ya kafe su da ƙusa. Ga shi tsakiyar zafi ne, lokacin gasa tattasai. Baiwar Allah tana gashi a madafa, ita ma tana gasuwa. Jini dai bai fasa ba.

Surukarsa ta zo taimako. Ta zura masa ƙaton makullin sito mai sanyi ta ƙeya, ta tusa masa a hanci audugar da ta jiƙa da barasar gida, ta ce ya ɗaga hannu sama ya kalli rufi. Gogan naka ya yi ta haɗiyar jininsa.

Da Zagorka ta gaji, sai ta tasa ƙeyarsa zuwa asibitin gari.

Likitar ta gwada shi, ba hawan jini. Ta ce, "Kawu, kana shan maganin tsinka jini?"

"A'a."

"Wani ya naushe ka?"

"Wa ya isa?"

Ta haska tocila cikin hancin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke ido kan hannunsa.

"Kana sa yatsa a ciki?"

"Ni? Da furfurata? 'Yar nan, iska ce. Kakana ma ita ta kashe shi."

"Yana da shekara nawa?"

"Casa'in da shida."

Likita ba ta ja ba. Ta ce in jinin ya zo ya sunkuya gaba, ya matse tattausan wurin hancin minti goma, ya bar kallon rufi. Ta ba shi man shafawa. Sai kuma ta kama manuninsa na dama ta naɗe shi da bandeji har ya kai kaurin kokwamba.

Ya ce, "Hanci fa na kawo miki."

Ta ce, "Sabon magani ne, daga nesa yake aiki."

Abin haushi, maganin ya yi aiki. Mako guda ko ɗigo babu. Ran mutumin ya ɓaci, don ya san in aka ci gaba a haka, maganar iska ta mutu, shi kuma ya ji kunya. Zagorka kuwa ta zare ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ta wangale tagogi, ta zauna tana shan iska kamar mai biyan bashi.

Washegari sai ga shi ya faɗo madafa, jini na zuba ta hancin hagu, murna fal fuskarsa.

"Kin gani ko? Kin buɗe, ta dawo. Yanzu sai ki je ki faɗa wa likitar taki."

Zagorka ta ajiye tattasan da take ɓarewa. Ta kamo hannunsa da ba bandeji, ta juya shi, ta duba farcen da kyau.

Ta ce, "Gaskiyarka, maigida. Ashe iskar ta iya aiki da hagu."