Rasuwar Kurangar Inabin Baba Nunziyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido a kan wasu mutane, ni Lado Shitu na Port Richmond nake sanar da rasuwar kurangar inabin bayan gidanmu, ranar Talata, 8 ga Mayu, 1973, tana da shekara arba'in da biyu.

Marigayiyar ba tawa ba ce, amana ce. Mai gidan da nake haya, tsohon Ba'italiye Baba Nunziyo, shi ya shigo da ita New York tana ɗan reshe a cikin kwat, daga gonar ubansa a gindin Etna, dutse mai aman wuta na tsibirin Sisili, inda ƙasa take baƙa wuluk. Da zai koma can duba ƙanensa bara, ya riƙe hannuna ya ce ita kaɗai ya bar mini, ko gidan bai dame shi ba.

'Yar babban gida ce. Ba ta taɓa cin takin buhu ba, ba a taɓa yi mata feshi ba, ba a yi mata aski sai an duba wata. Abincinta ƙahon saniya ne da ake cika da kashin shanu, a binne kusa da ita duk lokacin sanyi, a tono da bazara a dama a yayyafa mata. Ba ta da surutu, sai dai "shuuu, shuuu" in iska ta taso daga teku. Giyar da ake yi da ita ban taɓa ɗanɗanawa ba, Allah shaida, amma 'ya'yanta kam na ci na ƙoshi.

An ce ajali ne. To, wane irin ajali ne yake zuwa da shebur? Na tarar an tone ƙahon an tafi da shi, ramin yana warin kananzir, ga gishiri fari fat. Kwana tara tana jinya, ganye ya yi ta zuba.

Ba na zargin kowa. Amma maƙwabcina Alhassan mutumin Kumasi, tun ranar da ya ga ina binne ƙahon yake yawo yana cewa Bature ya sa na yi wa gidan sammu. Uwargidana Hasiya, wadda ta ɗora ciwon kanta a kan ƙahon, buhun gishirinta ya koma rabi, wai miya ce ta ci. Shi kuwa Mahaman na Damagaram ya zo mini gaisuwar rashi tun ban faɗa wa kowa ba. Haba jama'a! Taki ne fa, taki!

Ta rasu ta bar gangunan giya uku a ɗakin ƙasa, almakashi ɗaya, dangi barkatai a Sisili, da tsoho ɗaya da bai sani ba tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi a bayan gida, bayan isowar mai ita. Jiya wasiƙarsa ta zo: ƙanen ya rasu, an sayar da gonar, sabon mai ita ya tumɓuke komai, Baba Nunziyo kuma yana tambaya ko yarinyarsa ta fara toho. Jirginsa zai sauka Asabar da la'asar, ni zan tarye shi, kuma wallahi ban san da wane baki zan fara ba. Wanda ya tone ƙahon, in yana da sauran kunya, ya zo ya riƙe masa akwati.