Lambar Gwiwar Kaka

"Lafiya lau, tsohon miji. Ƙafar taka ta tashi tare da kai, ko ta yi yaji?" in ji jikar Kaka, tana tsokanar sa.

Kaka ya jingine sandarsa a jikin kujerar falo, yana leƙen ƙaton littafin da jikarsa ta kifa kai a ciki. A ofishin bayanan marasa lafiya na wani asibiti take aiki, kuma jarrabawar da za ta tabbatar mata da kujerar ta matso. Ta taɓa faɗuwa. In ta sake, wani za a ba. Shi dai abin da ya ɗaure masa kai, littafin asibiti ne amma duk lambobi.

"Uwargida, wannan littafin waya ne? Wa za ki kira?"

"Kowane aikin da likita ya yi wa mutum yana da lambarsa. Ita nake sa wa a takarda."

Kaka ya gyara zama. "Har aikin gwiwata?"

"Har ita, in ba a jefar da lambar don tsufa ba."

"Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Kina da majinyaci a gida kina cinye takarda?" Ya naɗe ƙafar wando. "Nemo min lambata."

Ta matso da littafin. "Dama ko hagu?"

"Ba ki da ido?"

"Dokar ce. Kowane ɓangare da alamarsa. Tsaga ka aka yi, ko huda aka yi aka zura na'ura mai kyamara?"

"Tsagawa! Sai da likitoci bakwai suka danne ni."

Ta duba tabon. "Huda biyu kamar cizon sauro. Mai fama da kurji ya fi ka abin nunawa."

"To ai ayyuka uku aka yi min. Aka leƙa, aka yanke guringuntsi, aka ɗinke. Lamba uku ke nan. Ba ni abina."

Sai ya ga tana cizon murfin biro. Wannan ce irin tambayar da ta kayar da ita wancan karon. Ta buɗe shafi, ta bi layi da yatsa, bakinta yana motsi. Kaka ya riƙe ƙafar wandonsa yana kallon ta.

"Ɗaya ce," ta ce a hankali, sannan ta ɗaga murya. "Ɗaya ce! Ba a yanka sai an leƙa, ba a tashi sai an ɗinke. Babban aiki ya haɗiye ƙananan."

"Kai! Duk kwanciyar da na yi, lamba ɗaya tak?"

"Da alamar hagu. Ita ce gyararka."

"Ihun da na yi fa, ba shi da lamba?"

"Wannan sai a littafin yara."

Kaka ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya laluba aljihu ya miƙa mata makullin ɗakinsa.

"Jeki can ki yi karatu, babu mai damun ki. Gobe zan kawo miki bayana, shi ma an taɓa shi."