Kwaɗo Mai Haƙorin Makka

A wata unguwa da ba sai an faɗi sunanta ba, akwai wani mutum, Alhaji Sallau mai bulo. Da aka haƙa wa unguwar rijiyar burtsatse, shi aka danƙa wa makullin, don gidansa ya fi kusa, kuma yana da furfura. Wata bai zagayo ba ya sayo ƙaton kwaɗo ya garƙame famfon. Ya ce injin yana bukatar hutu. Injin kuwa ba ya gajiya sai in mata sun zo da bokitai. In masu buga masa bulo ne suka zo, lafiyarsa ƙalau.

Ana nan sai ƙaramin gidan rediyon garin ya soma wani wasan kwaikwayo, duk Laraba bayan la'asar. Wani tela ne a unguwar, Tanimu, yake shirya shi, shi ne kuma yake yin muryar babban ɗan wasan. Labarin dabbobi ne. Wai wani kwaɗo ya hau bakin rijiyar daji ya kumbura, ya ce ruwa yana barci, kada a tashe shi. Barewa ta zo, ya kore ta. Zomo ya zo, ya ce ya dawo jibi. Amma in gara ta zo ɗiban ruwan gini, sai ya matsa gefe, har da yi mata sannu da aiki.

Ba wanda ya kai Alhaji Sallau son wasan nan. Ranar farko a majalisa ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Wallahi yaron nan ya iya," in ji shi. "Barau mai injin niƙa ne sak! Haka yake wa mata."

Mutane suka saci kallon juna. Kowa ya duƙufa kallon takalminsa.

Wani makon, kwaɗo ya soma gyaran murya kafin ya yi magana, ya ce, "Ehem, to, sai dai a yi haƙuri." Alhaji ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Da mako ya sake zagayowa, sai ga kwaɗo ya dawo daga tafiya da haƙorin Makka. Alhaji ya rufe bakinsa, ya kai harshe ya taɓa nasa.

Daga nan gari ya ɗauka. Ya je sayen nama, mahauci ya ce, "Alhaji, yaya ruwa, ya farka kuwa?" Ya dawo gida ya nemi ruwan alwala, matarsa Hajiya Tabawa ta ce, "Buta na barci, Alhaji, sai dai a yi haƙuri." Har ya ji ƙishin-ƙishin wai dattawa na shawarar karɓe makullin a ba wani. Nan ne ya ga abin ya wuce wasa. In makulli ya tafi, bulo ya tsaya, girma kuma ya bi shi.

Ya sa babbar riga, ya kai ƙara wurin mai unguwa Gambo. Bukatarsa biyu: a tsayar da wasan, Tanimu kuma ya shiga rediyo ya ba shi haƙuri. Aka kira Tanimu. Ya zo da tef ɗin awo a wuya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Zaure ya cika, har da waɗanda ba a gayyata ba.

Mai unguwa ya ce, "Tanimu, Alhaji ya ce ka yi masa zambo a rediyo."

"Ranka ya daɗe, a tambayi Baba, na taɓa kama sunansa?"

"Bai kama ba," in ji Alhaji. "Ai da ya kama da ya fi mini sauƙi."

"To labarin kwaɗo nake bayarwa, na ruwa."

"Na ruwa! A gidan uban wa ka taɓa ganin kwaɗon ruwa da haƙorin Makka?"

"Baba, ai ba a taɓa ganin kwaɗo yana magana ba ma. Wasa ne. Akan ɗan ƙara gishiri don mutane su yi dariya."

"Ɗan gishiri? Buhu ka juye! Ya ce wai an hana tsohuwar kunkuru ruwa kwana da kwanaki. Ƙarya ne, ranka ya daɗe. Iya Kande yini ɗaya kawai ta yi tana jira, kuma ita ta zo a lokacin da ba a buɗewa."

Wani a bayan zaure ya tuntsire, ya mai da shi tari. Mai unguwa ya ja bakin rigarsa ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa.

"Sallau," ya ce, "ka san dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Ni ba kaza a aljihuna. Makulli ne, ga shi!" Ya zaro ya kaɗa. Sai da ya kaɗa ya ga bai kamata ba, ya mayar.

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Rabin zauren suka sunkuyar da kai.

"Ehem. A taƙaita. Ya faɗa a gaban jama'a. In da ni yake, a rufe wasan yau. In ba da ni yake ba, ya rantse, kowa ya ji, a daina yi mini kukan kwaɗo a hanya."

Ya koma ya jingina. A ganinsa ya ɗaure tela ta ko'ina, ko allura ba ta da wurin fita.

Mai unguwa ya juya. "To, ka ji. Tsakaninka da Allah, Tanimu, kwaɗon nan Alhaji ne ko ba shi ba ne?"

Tanimu ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, wallahi ni ma ban sani ba tukuna. Nawa kwaɗon dai, ranar Laraba mai zuwa zai ji kunya ya sauka daga bakin rijiya. In an wayi gari Alhamis famfo a buɗe, to Baba ne. In yana nan a kulle, na rantse ba shi ba ne, kuma zan shiga rediyo in ba kwaɗo haƙuri."