Dakta Gasaya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na kai ɗalibaina garkar matan wani ƙauye kusa da Gidan Amumune. Lokacin ban jima da dawowa daga Faransa da digirin dakta kan noman kayan lambu ba, kuma ba na son kowa ya manta da hakan. Fangali shida nake nema aro don gwaji kan tsutsar da ke cin shu, wato kabeji. In babu gwajin nan, kujerar farfesa sai dai in hango ta daga nesa. Mai cewa e ko a'a kuwa ita ce shugabar matan, Inna Hajo, tsohuwa mai ƙarancin magana.

Sai na ga ya kamata in burge ta. Ina shiga na hango wata ciyawa mai farin fure ta kewaye fangalin shu. Na naɗe hannun riga, na faɗa wa ɗalibai sunanta da Latinanci (har da maimaitawa, don masu rubutu), na ce wannan ne irin sakacin da ke kashe amfanin gonar manomanmu. Na duƙa na hau tuge ta. Wallahi ban taɓa aiki da ƙwazo irin na ranar ba, sai da na share layi biyu tas.

Inna Hajo tana tsaye da bokitin ban ruwa, ba ta hana ni ba. Da na miƙe ina huci ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ta ce, "Mushe, mi gasayata ta yi maka?"

Gasaya! Ganyen da mahaifiyata ke yi mana kwaɗonsa a Tasawa, wanda nake sanɗa in ƙara bayan kowa ya tashi. Ni ɗan birni, a kwano kawai na san shi, dafaffe, da ƙuli-ƙuli a kai.

"Da hannuna na shibka ta," in ji ta. "Muna ci, kuma inda take tsutsa ba ta cika damun shu ba. Halama can inda ka yi karatu ba a gaya muku ba."

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Wata ɗaliba ta tura fuskarta cikin littafi, kafaɗunta suna rawa. Ni da na zo binciken maganin tsutsa, ga shi na tuge shi na tara a gefe.

Na ba da haƙuri, na tabbata fangali shidan nan sun wuce ni. Sai kawai ta ce, "Na ba ka, ɗana. Amma kai ka riƙe alƙalami, mu mu riƙe garka."

Yau ni farfesa ne, kuma rabin abin da na rubuta daga fangalin Inna Hajo ya fito. Ɗalibai na kirana Dakta Gasaya a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Har gobe in na shiga garkar wani, hannuwana a aljihu suke sai na tambayi sunan ganye da Hausa.