Sadakin Iya Azumi

"…lahiya lau, ya hanya? Ya Sumayya da yara? To madalla. Kai kuma ɗan Indiya, har yau ba ka tuna yadda ake durƙuso ba? Sunkuya dai, ƙasa ba ta cizo."

Haka Iya Azumi, kakarmu ta wajen uba, ta tarbe mu, ni da wana, a tsakar gidanta a Kurfi, tana ɓarar gyaɗa, zabinta na kewaye da ita. Watana biyu ke nan da dawowa daga karatu a Indiya. Shekara shida da suka wuce, da zan tafi, a ɗakinta na bar 'yan komatsaina ajiya. A lokacin wana Zaharaddin, mijin Sumayya, yana da shagon waya a Dutsin-Ma, kanta cike da kwalaye har sama. Da na dawo sai na tarar da kantar wayam. Mutane sun daina sayen sabuwa. Wanda tasa ta fashe ya kai gyara, wanda gyara ya gagara ya ɗaure da roba, mai babba ya sayar ya sayi masara. Mai gyaran da ke raɓe a ƙofar shagon da tebur ɗaya, shi ake yi wa layi yanzu.

A kan babur Zaharaddin ya gaya mini abin da zai kai mu Kurfi. Ya rufe shago, tasa wayar ma ya sayar. Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Ɗanmusa, ya yarda zai ɗauke shi ya riƙa sayo masa wake a Karofi da Kuki, kuma ya ce gobe da hantsi zai kira shi ya gaya masa inda mota za ta tsaya. In bai same shi ba, akwai masu jira. Na yi masa tayin tawa, ya ce ni jibi zan tafi Abuja neman aiki, aikin wake kuwa na wata uku ne. Abin da ya tuna shi ne wata 'yar ƙaramar waya da ya taɓa ba Iya. Roƙo dai ya ce ba zai yi ba, dabara zai yi mata.

"Angona," in ji Iya tana duban Zaharaddin, "ruwa ba ya tsami banza. Wata bakwai rabona da ganin ƙeyarka, yau ga ka har da burodi. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, tsohuwa. Ke muke jira kin ƙi. Na zo in ji ko da labari."

"Sai na ga furfurarka. Miƙo in gani. La'ilaha! Wanga burodi ne ko soso? Miji ya yi wata bakwai ba cefane, ya dawo da abin da zabuwa za ta haɗiye ba ta nemi ruwa ba."

"Daidai haƙoranki na auno. Biyu suka rage, in na kawo babba alhakinsu zan ɗauka."

"Biyun nan sun ci naman da ubanka bai gani ba."

Zaharaddin ya ɗebi gyaɗa ya fara taya ta ɓara, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Can ya yi gyaran murya.

"Wai ina 'yar wayar nan da na ba ki? An yi sanarwa, an ce batirin irinsu fashewa yake yi. Kawo in tafi da ita kafin ta tashi da ke."

"Ashe kana sona haka? Ɗazu mutuwata kake jira."

"Ba ke nake ji ba, ɗakin nake ji. Gado ne."

"Shekara biyar tana kwana a ƙirjina ba ta fashe ba. Sau biyu tana faɗawa tukunyar miya, na tsamo ta na shanya, ta tashi tana kira. Sai yau da ka zo za ta fashe? To kai ne ashanar."

"Bari wannan. Canza maki zan yi da babba, mai hoto, ki riƙa ganin jikokinki."

"Wadda ake shafawa kamar ana lallashin jinjiri? Ta kwana a caji ta wuni a some? To na yarda. Kawo."

"Tana hanya. Daga Kano."

"Da ƙafa take tahowa?"

"Mota ce ta lalace."

"In ta iso ta tarar da ni. Ba a sakin reshe a kama ganye."

Ta juyo gare ni, tana nuna shi da kwasfar gyaɗa.

"Ɗan Indiya, ba ka nan aka yi, bari in ba ka labari. Ranar sunan ɗiyarshi ta fari, gida cike da mata, wanga yaro ya shigo yana ƙamshi, waya biyu a hannu, kowace kamar faranti. Ya jefo mani wata 'yar mitsitsiya kan tabarma, ya ce, 'Ga sadakinki, tsohuwa, daidai ke: ƙarama, baƙa, ba ta gani sosai.' Ya ce shi ko kyauta aka ba shi irinta ba zai sa aljihu ba, sai dai ya jefi kare. Ƙarya nake?"

"Ƙuruciya ce," in ji Zaharaddin.

"To sadaki ne, kai ka faɗa da bakinka gaban shaidu. Mace ke mai da sadaki in ta gaji da miji. Ni ban gaji ba, ina nan daram."

"Ni na gaji."

"In kai ka gaji, saki za ka yi, ka fita hannu rabbana, sadaki ya zama nawa. Tambayi liman, ga gidanshi can."

Na so in danne dariya, ta ƙi dannuwa. Zaharaddin ya harare ni. Iya ta ajiye farantin gyaɗa, ta ƙura masa ido.

"Ka san mi ya ba ni mamaki? Tun da ka zauna fuskata kake kallo. Shekara nawa in ka zo tsakiyar kanka nake gaisarwa, kai a sunkuye, yatsa na ta shafe-shafe. Yau na ga ashe Allah Ya ba ka idanu. Ina farantan naka?"

"Suna caji."

"Kwana huɗu? Sau shida ina yi maka filashin, wata mata ke ɗauka tana mani Turanci. Mai sayar da waya, wayarshi a kashe kwana huɗu, ko dai ya mutu ko ya karye. Da mutuwa ce, da an aiko."

Zaharaddin ya cire hularsa, ya fito da wata 'yar takarda da ya naɗe layinsa a ciki, ya ajiye a kan tabarma.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Iya. Shago ya rufe. Buhun masarar da ke ɗakin Sumayya, wayata ce. Gobe da hantsi Alhaji Ɗanmusa zai kira layin nan don aikin wake. In ya ji a kashe, wani zai ba."

Na zaci nan tsohuwa za ta yi laushi. Sai ta kwashe da dariya har tana tafa cinya.

"Kai ne na uku cikin jikokina! Surayya ta zo da damina, wai kewata take, ta tafi da tata. Abdullatif ya zo kafin Sallah da lemo biyu, ya tafi da tashi. Lokacin da kuke cikin daula ni ce bolarku, kowa ya sayi sabuwa ya zubo mani tsohuwa. Ni kuwa in goge in sa a kwalla. Yau bola ta zama kasuwa. Mai raina gajere bai taka kunama ba."

"Na taka, Iya. Har yanzu zogi take."

"Sai dai taka ita kaɗai ta rage mani. Da ita gwaggonku Rabi'atu ke kirana daga Maraɗi duk Juma'a. Da fitilarta nake neman inda zabi suka ɓoye ƙwai. Ita ce rediyona. Ka ɗauke ta, ka ɗauke mani kunne da ido."

Zaharaddin ya ɗauki takardarsa ya mai da cikin hula, ya miƙe.

"To bar ta, Iya. Allah Ya ba ni wata hanya."

"Zauna, malam. Ina ka taɓa ganin miji ya yi yaji?"

Ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo wata 'yar jakar saƙa, ta zazzage wayar a tafin hannunta. Lambobin jikinta duk sun goge, bayanta an ɗaure da roba. Ta danna, na leƙa, batir cike taf.

"Tun shekaranjiya na aika aka cika ta, mai caji ya cire mani layina. Na san kana tafe, ban dai san da wace ƙarya za ka zo ba. Amma da sharaɗi. Na fari, aro ne, aure na nan. Na biyu, ka ba ta haƙuri."

"Wa?"

"Ita. Wadda ka ce za ka jefi kare da ita."

Ta ɗora wayar kan turmi. Wana, mai 'ya'ya uku, ya duba ƙofa ko wani na kallo, sannan ya durƙusa gaban turmi.

"Ranki ya daɗe, na tuba."

"Ba ta ji ba, ta tsufa kamar ni."

"Na tuba, Hajiya!"

"Yauwa. Na uku, tun da ka ɗauke kunnena, duk Juma'a ka zo da ƙafarka, in mai da layina in ji muryar ɗiyata. Ka zo da wake tiya guda, ba mai ƙwari ba."

"Kin san nawa litar mai yanzu?"

"Mai neman aure ba ya tambayar kuɗin mai. Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"Ɗan Indiya, ka ji?"

Na ce na ji.

Zaharaddin ya buɗe bayan wayar da irin saurin hannun da na san shi da shi, ya sa layinsa, ya mai da robar, ta kawo haske. Ya daɗe yana kallonta. Mun yi sallama ke nan, ya kama babur zai fitar, sai wani kiɗa ya tashi daga ɗakin Iya, can cikin jeren kwalla. Na tsaya, don kiɗan ba baƙo ba ne a kunnena.

"Tsohuwa," in ji Zaharaddin, "mi ke kuka a ɗakinki?"

"Zabuwa ce."

"Zabuwa mai kiɗa? Ba kin ce ita kaɗai ta rage ba?"

"Cikin nawa ita kaɗai ce. Waccan ajiya ce, ta ɗan Indiya ce da ya bari cikin komatsanshi. Na ga tana zaune ba aikin yi, kamar mai ita, na sa mata layina."

"To Juma'ar ta mi ce?"

"Ka riga ka yi alkawari gaban shaida."

Zaharaddin ya jingine babur ya yi dariya har da hawaye.

"Na sallama, amarya. Kin ci. Juma'a da tiyar wake."

Iya ta gutsuri rabin burodin ta miƙa masa ya kai wa yara, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai kuma je ka Abuja ka dawo. Ina goge maka taka kullum. In za ka zo karɓa, ka zo da burodin da ya fi wanga."