Surukina Yana Rataye a Bakin Kasuwa

Matata Ramlatu ta rasu ranar Laraba, wata biyu kafin a ba mu mulkin kai. Shekara talatin tana roƙona abu ɗaya, in nemo mata sunan ubanta. Ya mutu a Kibiya tana ciki, kowa Bappa Gurgu yake ce masa, uwarta kuwa har ta koma ga Allah kunya ba ta bar ta ta ambaci sunan miji ba. Ni mai karatu, kullum amsata ɗaya ce: bari damina ta wuce.

Makon jiya 'yarmu Jumai ta haifi namiji, ta ce sunan kakanta za a sa, kamar yadda uwarta ta so. Kwana bakwai ke gare ni.

Na tafi wani ofishi da ba zan faɗa ba, inda aka ajiye tsofaffin littattafan ƙidaya. Na tarar da Mai Girma Sarkin Hamma a kujera, ya cire takalmi.

"Ranka ya daɗe, littafin Kibiya nake nema."

"Malam, ai an 'yanta shi."

"An me?"

"Umarni ya zo daga sama, a yi wa gari ado da tutoci. Takarda ba ta zo ba, almakashi ya zo. Sai muka yi dabara."

Jama'a, ku taya ni jinjina wa wannan basira. Gara ta yi shekara arba'in tana fama da littattafan nan ba ta gama ba, ma'aikatanmu sun gama a yini biyu. An yanka kakanninmu kusurwa uku-uku, an jera a igiya daga tasha zuwa kasuwar Rano. Allah ya taimake ni, gefe ɗaya kawai aka shafa wa kore, domin ragowar fentin ya ɓata hanya ya faɗa ƙofar gidan wani babba.

Na ari tsanin Maharazu mai gyaran keke. Kwana uku ina bin igiya ina karatu, shi yana riƙe da tsani yana surutu.

"Kawu, in ka ga kakana ka gaishe shi."

"Na gan shi. An rubuta ya gudu da akuyar mutane."

"To, wuce gaba."

Sunayen mutanen ƙauyen Zurgu suna saman mahauta. Rabin mutanen Madachi iska ta kai su kan rimi. Ran Alhamis, daidai rumfar mai tsire, hayaƙi na cin idona, na ga layin: Abdulganiyyu, ana ce masa Bappa Gurgu, mace ɗaya, jaki biyu. Jakunan ma almakashi ya raba su.

Na tsinke takardar na sa aljihu. Nan take ɗan doka ya bayyana, wai na sauke tutar ƙasa. Na ce surukina ne, na zo kai shi gida. Ya dube ni, ya dubi Maharazu, ya ce a riƙa kula da ni.

An raɗa suna jiya. Yaron lafiya lau, yana kuka kamar mai neman muƙami.

Kwana uku aikin ya ci, da tsanin aro. Lokacin da littafin yake cikakke a kan kanta, wuni ɗaya ya isa. Zagin da na tanadar wa Sarkin Hamma na faɗe shi a nan, kun ji. Saura magana ɗaya, mai ita ba ta nan.

Ramlatu, Abdulganiyyu ne.