Kogon Runjin Sambo

Ranar Talata aka gano kogo a ƙarƙashin unguwar Runjin Sambo, abin da masana suka yi shekaru ba su lura da shi ba. Zayyanu ne ya gano shi, ɗalibin ilimin ƙasa, da wata na'ura da ya aro daga makarantarsu, mai auna ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi. Inda akwai rami a ƙarƙashi, jan yakan ragu kaɗan. Kwana uku yana matsar da ita taki-taki a tsakar gidan kakarsa Iyatu, sai a bayan ɗakinta jan ya ragu. Ya rubuta shafi tara ya tura wa malaminsa. Ranar Alhamis da hantsi ya zo yi wa kakar albishir.

"…lahiya lau, angona. Ina akwatin bokancin naka?"

"Na'ura ce, tsohuwa. Yau bayan la'asar malaminmu zai zo da baƙi biyu. Ki ɗaura zane mai kyau, kar a ce daga gidan tarihi na auro ki."

"Ni da nib bar maza goma na ɗauke ka, kai da ko gemu ya ƙi ka? Mi za su gani?"

"Kogo. Shekara sittin kina kwana kan abin tarihi, ba abin da kika ƙara masa sai minshari."

"Ina kogon?"

"Nan bayan ɗakinki, daidai inda kike shanya. Zurfinsa ya kai gaba uku."

Iyatu ta daɗe tana duban wurin.

"Ukku da rabi," in ji ta.

"Wa ya gaya miki?"

"Ni nid dafa ma maginan tuwo. Tsohon masai ne, angona, salgar gidan ga. Shekarar da anka haihe ka anka aza mishi itace anka ruhe."

Zayyanu ya nemi kujera ya zauna.

"Na rubuta cewa mai yiwuwa maɓoyar mutanen da ce."

"An ɓuya ciki kam. Kakanka, in baƙon da bai so ya yi sallama, can shika shigewa har azahar."

"Shafi tara, Iya."

"To ai ba ka yi ƙarya ba, akwatin ya gane rami. Ni da hanci nika gane shi duk damina, ba wanda yab ba ni digiri."

"Kwana uku kina kallona. Me ya hana ki magana?"

"Ka tambaye ni? Cewa kay yi in bar daka, in bar tari, in ɗaure akuya, wai muna girgiza maka ƙasa. Ni ko nic ce maigida na aikin boko, bari in kama bakina."

Ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya.

"Don Allah in sun zo ki shige ɗaki. Zan janye maganar a hankali, in ce sai an ƙara bincike. In malam ya ji gaskiyar, na gama ɗaga kai a ajinmu."

"In sunka ce a gina hwa?"

Ya laluba aljihu, ya ciro farin goro uku, ya ajiye a gefen tabarmarta. Iyatu ta yi dariya har sai da ta share ido da bakin mayafi.

"Na amsa. Ba ni kunyata mijina gaban baƙi, ko da ragon miji ne. Ko liman ba shi ji daga bakina. Wane ne malamin?"

"Dakta Abdulshakur."

"Dogo, mai in'ina, ɗan Gwadabawa?"

"Kin san shi ne?"

Iyatu ta ɓare goro ɗaya, ta miƙa masa rabi.

"Ci. Ka hi ni buƙata."

Dakta Abdulshakur ya yi shekara huɗu yana haya a ɗakin zauren gidan lokacin da yake ɗalibi. A wancan lokacin masai ɗaya ne a gidan, wanda ke bayan ɗakin Iyatu.